Shin harshen babba yana iya koyon sabon ɗanɗano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Shekaruna 41, kuma duk sanda na fita cin abinci, wuri ɗaya nake zuwa, irin manyan gidajen abincin nan masu rassa ko'ina, abu ɗaya kuma nake saye. Uwargida ta daɗe tana yi mini tsiya, tana so mu riƙa leƙa ƙananan gidajen abinci waɗanda masu su ke girki da hannunsu. Ni kuwa abu biyu nake tsoro: in biya kuɗi in kasa ci, ko cikina ya ɓaci. Mutum na iya sauya ɗanɗanonsa da girma, ko kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Wannan karin magana gaskiya ce a wurare da yawa, amma ba ta kama harshe ba. Ƙwayoyin ɗanɗano da ke kan harshe suna mutuwa suna sabuntuwa kusan duk mako biyu. So da ƙi kuwa a ƙwaƙwalwa suke zaune, ita kuma ba ta daina koyo don an kai arba'in.

Abin da harshe ke ganewa da kansa kaɗan ne: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, sai na biyar da ake kira umami, wato daɗin nan na romo, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano tushensa a 1908. Sauran abin da muke kira daɗin abinci, yawancinsa aikin hanci ne, shi ya sa mai mura ke cewa komai salam. Saboda haka idan aka ajiye maka baƙon abinci ka ji ranka ya ƙi, sau da yawa ƙamshin ne ƙwaƙwalwa ba ta san inda za ta ajiye shi ba, sai ta ce a yi hattara. Wannan hattarar halitta ce, ba ƙauyanci ba ne, don ita ce ta kare mutanen zamanin da daga cin abin da zai halaka su.

Maganinta maimaitawa. A 1968 masanin halayyar ɗan'adam Robert Zajonc ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu kawai yana sa mutum ya fara son sa. Binciken da aka yi a kan yara ya nuna cewa sabon abinci kan buƙaci a ɗanɗana shi sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓu. Dubi kofi: da wuya ka sami wanda ya kurɓi ɗacinsa ranar farko ya ce madalla, amma ga miliyoyin mutane ba sa fara aiki sai da shi. Kuskuren da manya ke yi shi ne yanke hukunci a loma ɗaya. Loma ɗaya gaisuwa ce kawai.

Tsoronka na biyu na fi ɗauka da muhimmanci, domin shi ne ke iya rushe aikin gaba ɗaya. A shekarun 1950 John Garcia ya yi gwaji da ɓeraye a Amurka, ya ga cewa idan ɓera ya sha wani abu sannan ya ji tashin zuciya, ko da ba abin da ya sha ne sanadi ba, sau ɗaya ya isa ya guje shi. Mutane ma haka suke. So yana buƙatar zama goma, ƙi kuwa dare ɗaya ya ishe shi. Don haka kada ka gwada sabon abinci ranar da jikinka ba daɗi ko ka sha gajiyar tafiya, kuma ka zaɓi wuri da idon basira.

Ƙanƙantar wuri ba ita ce ƙazanta ba, kamar yadda fitilu da gilashi ba su ne tsabta ba. Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, wanda kuma ake jira a saya ya zauna da zafi sama da digiri 60 a ma'aunin Celsius. Wurin da mutane ke layi, tukunya ba ta samun damar hucewa. Ni nakan kalli abu uku kafin in zauna: ko abincin na tururi, ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke taɓa abinci, da kuma yadda wurin wanke hannu yake. Ina kuma fi amincewa da gidan da ke dafa abu biyar ko shida a kan mai jerin abinci shafi huɗu. Ƙaramin kicin da ya yi alƙawarin kala sittin, to wani abu na kwana a firji.

Me ya sa ma za ka wahalar da kanka? Babban gida mai rassa sana'arsa ita ce ya ba ka abu iri ɗaya a kowane reshe, kowace rana, kuma kada ya ɓata wa kowa rai. Wannan ba laifi ba ne, amma harshe ba ya ƙaruwa da komai a can. A ƙaramin gida hannun mutum ɗaya kake ci, da abin da ya gada da abin da ya ƙirƙira. A 2016 littafin Michelin, wanda manyan masu girki na duniya ke kwana da burin shiga cikinsa, ya ba wasu rumfunan abinci biyu na Singafo tauraro, wato lambar yabonsa ta ƙwarewar girki. Ba na cewa kowace rumfa haka take. Wasu kam ba su cancanci komawa ba.

Babbar ribar ita ce akwai wanda za ka yi wa magana. Ku je lokacin da cunkoso ya lafa, ka gaya wa mai wurin cewa yau ne zuwanka na farko, ka tambaye shi abin da ya fi saurin ƙarewa. Wannan tambayar ta fi "me ya fi daɗi?", don a wurin mai sayarwa komai nasa da daɗi. Ka tambayi abin da aka sa a ciki, musamman idan akwai abin da addininka ya hana ko jikinka ba ya ɗauka. Wanda gyaɗa ko kifi ke sa wa kumburi ko sarƙewar numfashi, wannan maganar maimaitawa ba da shi ake ba, likita zai gani.

Batun asarar kuɗi kuwa, ku sayi faranti biyu, ɗaya wanda ka saba da shi, ɗaya sabo, ku ci tare. Kuma ka sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda: naman da ka sani da baƙuwar miya, ko miyar da ka sani da baƙon kifi. Idan yaji ya fi ƙarfinka, kada ka bi shi da ruwa. Sinadarin barkono yana taɓa jijiyoyin da ke jin zafin wuta ne, binciken da ya kai David Julius ga kyautar Nobel a 2021, kuma ba ya narkewa a ruwa. Madara ce ke kwantar da shi, juriya kuma tana ƙaruwa da sabo.

Akwai iyaka dai. Tun 1931 wani masani mai suna Arthur Fox ya lura cewa sinadari ɗaya wasu na jin sa da ɗaci ƙwarai, wasu ba sa jin komai, kuma gado ne. Idan ka gwada abu sau goma a hannun masu girki daban-daban har yanzu bai shiga ba, ƙyale shi, ka tura wa uwargida farantin. Ita ma ka bar mata zaɓen wurin farko, tunda da alama ta riga ta yi nata binciken.