Gishirin titi ne ke cin babur ɗinka a hunturun Ingila

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a birnin Leeds, ina aikin kai abinci gida-gida da ƙaramin babur. Na saye shi sabo fil a watan Satumba, amma kafin ƙarshen Fabrairu salansa ta yi jawur, notuna sun kama tsatsa, jikin injin kuma ya fito da wani farin gari kamar toka. Na shekara biyar da babur a Kano ban ga irin wannan ba. Sanyi ne ke cin ƙarfe, ko kuwa mara kyau aka sayar mini?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba a cuce ka ba, kuma sanyi ba shi da laifi. Gishiri ne. Hunturunmu na gida busasshe ne, ƙura kawai yake kawowa. A Ingila kuwa, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, duk daren da ake tsoron titi zai daskare sai motoci su fito suna watsa gishirin dutse don kada ƙanƙara ta kama kwalta. Mai yawa daga cikinsa a mahaƙar Winsford da ke Cheshire ake tono shi. Da safe ya narke, tayarka ta gaba ta riƙa feso shi kan salansa da ƙirjin injin, ta baya kuma ta watsa wa sarƙa da shokazoba. Kai da kake yini a titi ka fi kowa shan wannan ruwa.

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, kuma aikin yana tafiya ne da ɗan motsin lantarki. Ruwan gishiri ya fi ruwan sama ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba, shi ya sa tsatsar take gudu. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: gishiri yana janyo ruwa daga iska da zarar danshinta ya kai kusan kashi 75 cikin 100, wanda ba baƙon abu ba ne a hunturun can. Sai ka ga babur ya bushe a ido, ka shigar da shi gareji, alhali gishirin da ke manne yana ta aiki har gari ya waye. In garejin da ɗumi abin ya fi muni, domin ɗumi yana hanzarta tsatsa. Farin garin da ka gani kuwa tsatsar alminiyom ce. Inda notin ƙarfe ya shiga jikin alminiyom, ruwan gishiri ya ratsa tsakaninsu, wurin ya zama kamar ƙaramin batir, alminiyom ɗin ake cinyewa, har notin ya ƙi kuncewa.

Saboda haka babban magani shi ne wanki, kuma da ruwan sanyi. Na san hannu yana ƙagewa, amma ruwan zafi ƙara wa gishirin kuzari yake yi. Duk ranar da ka bi titin da aka watsa wa gishiri, bari injin ya ɗan huce, ka sa tiyo ko bokiti ka ɗauraye ƙasan babur, bayan injin, cikin madigadi da wajen birki. Minti biyar ya isa. Ka guji kusanto da injin wanki mai tsananin feshi wajen boris da sarƙa da wayoyi, yana kore giris ya cusa ruwa a madadinsa. Sau ɗaya a mako ka yi wanki sosai da sabulu, ka tsane shi, ka sa wa sarƙa mai.

Bayan wanki sai kariya. Masu babur a can sun fi amfani da man hana tsatsa mai suna ACF-50, wanda asalinsa don jiragen sama aka yi shi, ko XCP Rust Blocker. Akan shafa su siriri a kan ƙarfe mai tsabta da ya bushe, su daɗe. FS365 na kamfanin Scottoiler sai an riƙa sake fesawa bayan kowane wanki. WD-40 yana korar ruwa da kyau amma ba ya jimawa, ni ba zan dogara da shi kaɗai ba. Kafin ka fesa komai, rufe faifan birki da tayoyi da leda ko jarida. Mai a kan birki hatsari ne na rai. Mahaɗar wayoyi ka sa musu giris na lantarki, kan batir kuma man Vaseline ya wadatar.

Abin da ya fi damuna a tambayarka ma ba ka ambace shi ba, wato birki. Jan salansa muni ne kawai, amma gishiri yana shiga bayan robar da ke kewaye da fistin ɗin birki, tsatsa ta taru ta matse shi, birkin ya riƙa riƙe taya ko ya ƙi kamawa yadda ya kamata. Ɗaga tayar ka juya ta da hannu. In ta yi nauyi, ko faifan ya yi zafi bayan 'yar gajeriyar tafiya ba tare da ka taka birki sosai ba, kai wa makaniki ya buɗe ya wanke. A tabbata jan giris na roba aka sa, domin giris na yau da kullum yana kumbura robar. Man birkin kansa yana shan danshi, a canza shi duk shekara biyu. Ka duba sandunan shokazoba na gaba ma: ɗan ƙurjin tsatsa guda ɗaya yana yanka robar da ke tsare man shokazoba, mai ya tsiyayo har kan birki.

Tsatsar da ta riga ta kama, in ta sama-sama ce a kan ƙarfe mai walƙiya, dunƙule takardar alminiyom ta naɗe abinci, ka jiƙa ta ka goga. Ƙananan notuna ka jiƙa su cikin ruwan binega su kwana, ka ɗauraye, ka shafa mai. Inda fenti ya ɗaye, kankare da burushin waya, ka shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, sannan fenti. Farin garin injin kuma burushi mai laushi, a goge, a shafa mai kariya. Duk notin da ka kunce, ɗan shafa masa giris mai hana kamewa kafin ka mayar.

In za ka ajiye babur ɗin na wasu makonni, cika tanki taf. Tun Satumban 2021 fetur na gama-gari a can E10 ne, wato wanda aka gauraya da etanol har kashi 10 cikin 100, sinadarin etanol da ke cikinsa yana jan ruwa, tankin da ke rabi kuma raɓa tana taruwa a cikinsa. Kada ka lulluɓe jiƙaƙƙen babur da tamfol ɗin leda, nemi murfi mai shan iska, ka bari ya bushe tukuna kafin ka rufe.