Shamuwa ta sauka a gidanku

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce shamuwa ta yi sheƙa a kan darbejiyar gidanku na Mabera, uwar mijinki Inna ta yi murna, ta hana yara jifanta, ta daka gumba ta raba wa almajirai, sai wata ƙawarki ta Islamiyya ta ce duk wannan camfi ne. Abin da na ga ya fi damunki shi ne ke ma da kika ga tsuntsuwar sai zuciyarki ta yi sanyi, bayan wannan shekara mai nauyi da kika gani, har kina tsoron ko kin yi laifi.

Ba ki yi laifi ba. Sai dai ita ma ƙawar taki ba daga sama ta tsinto maganar ba, don haka ki ba ni aron hankalinki.

Shamuwa ba ta kawo ruwa, bin sa take yi. Lokacin da muke fama da hunturu ita tana can kudancin Afirka, inda damina ke sauka a watannin. Idan iskar teku mai danshi ta fara turowa arewa, sai ta biyo ta, domin abincinta fara ce da tsutsa da ƙwarin da ke fitowa da sabuwar ciyawa. Iskar nan kan kai wa mutanen Legas ruwa tun watan Maris, mu kuwa a Sakkwato sai mun gasu a Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, sannan ruwa ya kankama wajen Yuni. Kakanninmu ba su da hasashen yanayi da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, amma suna da ido. Shekara da shekaru suna ganin tsuntsuwar nan na riga ruwa isowa, sai ta zama musu 'yar aike. Wanda ya ga hadari a gabas ya kwashe shanya, ai ba wanda zai ce ya yi camfi. Hana jifanta kuma, ko ba komai tana rage wa manomi fara, kuma addini bai yarda a cuci mai rai ba gaira ba dalili.

Inda haɗarin yake, Annabi (SAW) ya nuna shi ƙarara. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, an yi ruwa da dare, da ya idar da sallar asuba sai ya gaya wa sahabbai cewa Allah ya ce a cikin bayinsa wani ya wayi gari mumini, wani kafiri. Wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa, shi ne mumini. Wanda ya jingina ruwan ga tauraro kaza, ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. To ki sa shamuwa a gurbin tauraron. Da Inna ta ce tsuntsuwar ce ke ba da ruwa, ko ta ce gidan da ba ta sauka ba ya shiga uku, ko ta yi yanka a gindin bishiyar, da ni zan fara tsawatarwa. Irin wannan yanka ga itatuwa da duwatsu na cikin abin da Shehu Usmanu ya yaƙa da wa'azi tun kafin jihadin 1804. Amma ki saurari abin da tsohuwar ke faɗi in ta ɗaga kai. Na san irinsu, abin da za ki ji shi ne: "Alhamdu lillahi, Allah shi kawo muna ruwa masu albarka." Wa ta roƙa a nan? Gumbar kuma cikin almajirai ta shiga, sadaka ce, ba ta da wani suna.

Sanyin da kika ji a ranki, shi ne ma na fi so mu tsaya a kai. Larabawan jahiliyya kan kori tsuntsu, in ya yi hagu su fasa tafiya. Wannan aka hana. Kyakkyawan fata kuwa Annabi yana son sa. Kuma Alƙur'ani da kansa ya aike mu kallo: a Suratur Rum, aya ta 50, aka ce mu dubi alamun rahamar Allah, yadda yake raya ƙasa bayan mutuwarta. Ba a ce sai malami ko sai mai gona ba. Tsakar gidanki ma ya isa.

Ki lura da bishiyar kuka in kin bi ta inda take. Wata da watanni tana tsaye tsirara, ka ce ta mutu. Ana tsakiyar zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa, ko ɗigo bai sauka ba, sai ki ga 'yan tofo kore shar a bakin rassanta. Gawo kuma nasa tsarin daban: ya sha rani da ganyensa, dabbobi na hutawa a ƙarƙashinsa, damina na zuwa ya kakkaɓe, hatsin da ke gindinsa ya samu rana da taki. Ni dai duk shekara in na ga waɗannan biyun nakan ji kunyar yawan ƙorafina. Mai tsara wa itace lokacinsa haka bai manta da ɗan Adam ba.

Ranar ruwan farko kuma akwai sunnar da mutane da yawa ke yi ba su san sunna ba ce. Iska za ta juyo, ƙura ta turnuƙe, kwanon rufi ya fara ƙara, sai ƙamshin ƙasa ya bugi hanci. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ajiye abin da ke hannunta ta fito ta tsaya a tsakar gida, ta miƙa hannuwa ruwan ya taɓa ta, mu kuma mu yi ta tsalle a bayanta. Sai da na zauna gaban malam na ji hadisin Anas a Muslim, cewa Annabi ya yaye wani sashe na tufarsa don ruwa ya taɓa jikinsa, ya ce domin yanzu ya zo daga Ubangijinsa. Addu'ar gajera ce, Nana A'isha ta ruwaito: Allahumma sayyiban nafi'an, Allah ka sa shi ruwa mai amfani. Ki koya wa yaranki. Roƙon amfanin ba wasa ba ne. Wanda ya ga ambaliyar 2010, da ruwan Rima ya cinye gonaki da ƙauyuka ya yanke hanyar jami'a, ya san dalili.

Kada kuma murna ta sa ki ɗauka ruwan farko shi ne damina. Manomi yakan tona ƙasa da hannu ya ga iya inda laima ta kai kafin ya ce an yi ruwan shuka. Masu binne, waɗanda ke zuba iri a busasshiyar ƙasa su jira, sun san wata shekara sukan dace, wata shekara yayyafi ya tsirar da geron rana ta ƙone shi, a sake neman iri. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 mun san shamuwa kan zo ruwa ya yi nawa. In hakan ta faru, ba tsuntsuwa ake tuhuma ba. Sarkin Musulmi kan yi kira a fita roƙon ruwa: a tafi filin idi da hantsi cikin tufafin yau da kullum, raka'a biyu, huɗuba mai yawan istigfari, liman ya juya mayafinsa maza su juya nasu. Kafin fitar akan hori mutane su tuba, su yi sadaka, su mayar da haƙƙin da suka danne, wanda a ganina shi ne ya fi wuya a cikin duka.

Game da Inna, kada ki je mata da wa'azi a kan abin da ba ta yi ba. In ta sake daka gumba ki kama mata, ki sa naki geron a ciki. Ƙawarki kuma ki gode mata, ki karanta mata hadisin Hudaibiyya gaba ɗayansa, ku duba tare ko maganar Inna ta faɗa ciki.

Ki gaya wa maigidan ya duba indararo, ya sa a yashe kwatar ƙofar gida tun yanzu, kuma a fito da gidan sauron yara a wanke. Gwaggonki na gaishe ki. A gaida Inna da kyau.

Kawunki.