Amsa ga mai tambayar inda shekarunsa suka shige

Ɗan uwa, ka ce ka cika shekara 40 amma ba ka san inda rabinsu suka shige ba, kana neman yadda za ka riƙe sauran. Ni ba malami ba ne, tela ne a Fagge, amma tambayarka ta sosa mini inda yake ƙaiƙayi.

Ina da kawu a Haɗejiya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Duk sanda muka yi waya sai ya ce, "Yaushe za ka zo mu gaisa?" Amsata ɗaya ce: "Kawu, bari ɗinkin Sallah ya wuce." Ƙaramar Sallah ta wuce, sai babba, sai ɗinkin biki. Shekara uku ana haka, a kan tafiyar da ba ta kai wuni ba. A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, aka hana shige da fice. Cikin azumin nan Allah ya yi masa rasuwa. Ta waya aka gaya mini, ina zaune a tsakar gida na rasa abin yi. Ga lokaci har ya yi yawa, hanya ce babu. Ko jana'iza ban samu ba.

Da aka buɗe gari sai na juya bayan littafin da nake rubuta awon mutane, na shiga rubuta yadda wunina yake tafiya, mako biyu cur. Wallahi na ji kunya. Tsakanin majalisar mai shayi bayan isha'i da latse-latsen waya, awa uku ke tafiya kullum. Lissafa da kanka: awa 1,095 a shekara, kwana 45 da ɗoriya. Wata ɗaya da rabi ke nan, ni da nake rantsuwa ba ni da sarari. Hadisin nan na Buhari, cewa ni'imomi biyu ne mutane da yawa suke tafka asara a kansu, lafiya da sarari, tun muna Islamiyya na haddace shi, amma sai a bayan littafin awo na gane shi.

Ban daina zuwa majalisa ba fa. Masu cewa a yanke ta gaba ɗaya ban yarda da su ba, can ake jin wanda ba shi da lafiya da wanda aka yi wa haihuwa. Rage ta na yi zuwa ranar Juma'a da Lahadi. Bayan asuba ba na komawa barci, izu ɗaya nake karantawa, wata biyu na sauke. Idan kuma wani ya faɗo mini a rai, a ranar nake kiransa, ko keke yana cikin gudu sai na ɗaga ƙafa.

Ka gwada rubutun mako biyun nan kafin ka ɗauki kowace shawara, har da tawa. Ni dai ranar Asabar ina hanyar Haɗejiya wurin matar kawu. Ta ce in taho mata da atamfar da na riƙe tun watan jiya.