Kabarin Kakanka da Gidanmu na Cikin Gari

Ɗana, saƙonka ya iso, har na sa ƙaninka ya maimaita mini shi bayan isha'i. Ka ce a can inda kake karatu mutane kan shiga makabarta da littafi da biro suna kwafar sunaye da shekaru daga jikin duwatsu, har mutum ya gano kakan kakansa. Kana tambaya me ya sa namu kaburburan ba rubutu, kuma ta ina za ka soma neman tarihin gidanmu. Allah ya yi maka albarka, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Asalin abin addini ne. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a yi wa kabari shafe, ko a yi gini a kansa, ko a zauna a kai, ruwayar Tirmizi kuma ta ƙara da rubutu. Alama kam an yarda da ita, domin shi da kansa ya ajiye dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'unu don ya riƙa gane shi. Allunan ƙarfen nan masu suna da kwanan wata da ka gani a 'yan shekarun nan sabon abu ne, malamai ma bakinsu bai zo ɗaya a kai ba.

Kakanka ya rasu shekarar da aka kashe Murtala, wato 1976, muka kai shi Dandolo, can wajen Goron Dutse. Ina cikin waɗanda suka shiga ramin. Aka haƙa uwar kabari, aka fitar da ɗa a tsakiya daidai faɗin mutum, muka kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar gabas. Aka jera tukwane aka rufe, aka toshe kafofin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan kowa ya sa hannu aka tura busasshiya, aka yayyafa ruwa, aka ɗora ƙaya saboda dabbobi. Mahaifinka ya kafa tsingaro ta wajen kai. Damina uku ta wuce, tudun ya kwanta. Yau sashen kawai na sani, kusa da wata darbejiya, nan nake tsayawa in yi sallama ga mutanen wurin baki ɗaya in yi musu addu'a. Wallahi ban taɓa jin an tauye shi ba, ai cikin 'yan'uwansa yake kwance.

Kaburburan da aka riƙe na sarakuna ne da malamai da jagorori. Sarki Ado Bayero yana Gidan Nassarawa tun 2014, Malam Aminu Kano yana gidansa na Mambayya a Gwammaja tun 1983, Shehu Usmanu kuma yana Hubbare a Sakkwato tun 1817.

Namu tarihin yana gida. Soma da sunan unguwa, domin a birnin Kano sunan unguwa kansa labari ne: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Alfindiki inda Larabawan fatauci suka zauna, Madabo ta malaman Wangarawa, Sharifai ta zuriyar Shehu Magili wanda ya zo zamanin Rumfa. Sannan ka shiga gidanmu da idon baƙo. Ka taɓa tambayar kanka abin da ya sa zaurenmu ya fi na maƙwabta faɗi? Mutanenmu fataken goro ne, Gwanja suke zuwa da jakuna su yi watanni, a zauren nan ake sauke kaya ana saukar baƙi. Ɗaga kai ka dubi azarar, giginya ce, gara ba ta cinta, ta girmi duk wani mai numfashi a gidan. Dubi kaurin bangon tubalin, ka sa tafin hannunka da rana tsaka ka ji sanyi. Shigifar da aka toshe ƙofarta ma da dalilinta, rabon gado ne ya raba gidan biyu. Ina faɗa maka ne da nauyin zuciya, don gida uku a layinmu an sayar, an rushe, an jera shaguna, ko hoto ba wanda ya ɗauka. Badalar da Sarki Gijimasu ya soma ginawa ma ga yadda ake yankarta.

Amma babban littafinmu Gwaggo ce, kuma shekaru sun ja. Kada ka je mata da takarda kana jero tambayoyi kamar mai ƙidaya. Kai mata goro da turare, ka zauna a tabarma, ka bari hira ta kawo kanta. Ka sani ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, kunya ce, sai dai ta ce "Malam" ko "wannan yaron". Sunayen ka zo wurina. Shekara ma ba da lamba za ta ba ka ba. In ta ce zuwan Sarauniya, rubuta 1956. Canjin hannu a tuƙin mota 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Roƙe ta ta yi maka kirarin gidan, a cikinsa sunayen garuruwan da muka ratso suke. Nemi izininta kafin ka ɗauki muryarta a waya. Akwai kuma gafakar kakanka a wurina, a gefen wasu takardun ya rubuta haihuwa da rasuwa da ajami, da watan Musulunci.

Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, gidajen adana kayan tarihi, ka je, za ka ƙaru, amma ka fara da gayyar makabarta. Kafin damina matasan unguwa kan fita da fartanya da kwando, a cike kaburburan da suka rufta, a gyara katanga. Tsofaffin masu haƙa suna wurin, wasunsu sun gaji aikin ne, sun san sashen kowace unguwa da inda malamai suke. Riƙe musu kwando, ka ba su abin goro, za ka ji abin da ba a rubuta ba. Ka kula kada ka taka kabari, kada ka ɗaga murya, kada ka ɗauki hoton na wani.

In ka zo hutu, ranar Juma'a da sassafe ka biyo mini mu je Dandolo in nuna maka darbejiyar, daga nan mu wuce cikin gari wurin Gwaggo. Ka gaida abokan karatu.

Baffanka.