Amsa ga ƙanwata kan tafiyar Zanzibar

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na saurari saƙon da kika turo jiya da daddare, inda kika tambayi wane otal ne ya fi dacewa ku sauka a Zanzibar idan yara sun samu dogon hutu, tunda kin ce kwana takwas za ku yi kuma har da Hajiya a tafiyar. A tawa fahimtar, abin da kike son sani shi ne yadda za ku tsara kwanakin nan ba tare da yara sun gundura ko Hajiya ta wahala ba, kuma amsar wannan ba ta cikin sunan otal. Shawarata ita ce kada ku tare a wuri ɗaya. Tsibirin Unguja na ƙasar Tanzaniya, wanda shi ne mutane ke kira Zanzibar, tsawonsa kusan kilomita 85 ne, wato bai kai rabin hanyar Abuja zuwa Kaduna ba, amma kowane ɓangarensa da irin tekunsa, kuma wanda ya kwana takwas a otal ɗaya otal ya gani, bai ga tsibiri ba.

Kafin in shiga wannan, ki gaya wa maigidanki ya dakata da biyan kuɗin tikiti. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi kamar yadda 'yan wasu ƙasashe ke samu. Muna cikin waɗanda sai an tura takardunsu an tantance tukuna, kuma hukumar shige da ficen Tanzaniya da kanta tana ba da shawarar a nema kamar wata biyu kafin tafiya. Kowa sai ya riƙe katin allurar shawara, har da ƙaramin. Sannan tun daga watan Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tata ta kanta, dala 44 ga babban mutum a lokacin da aka fara, ko da kuwa kana da wata inshorar daga gida. Lokacin da kuka zaɓa kuwa ya yi daidai, domin Yuli da Agusta rani ne a can kuma akwai iska mai daɗi, ba kamar hutun Afrilu ba da yake faɗawa tsakiyar babbar daminarsu.

Yanzu ga abin da ya sa na dage a kan kada ku tare wuri ɗaya. Lokacin da muka je da su Maman yara, wani ejan a nan Abuja ne ya haɗa mana komai, ya kuma sa mu a otal ɗaya a gabar gabas tun daga ranar sauka har ranar dawowa. Ya nuna mana hotuna, ruwa shuɗi har bakin matakalar otal. Abin da bai faɗa mana ba shi ne a gabashin tsibirin, wajajen Paje da Jambiani, gabar ba ta da zurfi, shimfiɗe take har can inda duwatsun murjani suka tare igiyar ruwa, saboda haka sau biyu a yini da dare teku yakan janye ya bar fili fetal. Yaran da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin Jabi ba suka tashi da safe cikin ɗoki, suka sa kayan wanka, suka fito suka tarar da farin yashi da 'yan kududdufai, ruwan kuwa yana can nesa sai an kafa ido ake hango shi. Na kira mutumin nan a waya, ya ce mini ai haka teku yake ko'ina a duniya. Daga baya na gane shi kansa bai taɓa taka tsibirin ba, hotunan intanet yake sayar wa mutane. Ba kuɗin ne ya fi ɓata mini rai ba, a'a, yadda mutum zai karɓi amanar iyali guda, da tsofaffi da ƙananan yara, ya kasa ɗaga waya ya tambayi abin da kowane direban tasi a can ya sani. Har yau idan na ga tallarsa raina yakan sosu, kuma na ji labarin wasu ma haka ya yi musu. Kai, bari in bar maganarsa haka.

Kada ki ɗauka ina cewa gabas ba ta da kyau, domin a nan ne yaran suka ga abin da har yanzu suke ba da labarinsa. Idan ruwa ya janye, matan ƙauye sukan shigo da zannuwansu su zauna cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba, suna ɗaura ciyawar teku a jikin igiyoyin da suka miƙa tsakanin 'yan turaku, wadda ta nuna su kwashe ta a buhu su shanya a gaban gida, daga baya a sayar. Kwana biyu ya isa wurin. Ki dai saya wa kowa takalmin roba, saboda akwai wata baƙar halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da take laɓewa cikin duwatsu. Ki kuma roƙi ma'aikatan otal jadawalin cikar ruwa, domin lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana, kuma janyewar ta fi yawa idan wata ya cika ko yana sabo.

Ni da ni ne ku, da birnin zan fara, wato Stone Town, wanda bai da nisa da filin jirgi. Gari ne na Musulmi, za ku riƙa jin kiran salla daga kowace kusurwa, kuma batun abinci ba zai dame ku ba. Tun wajajen 1840 da Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa can, garin ya cika da Larabawa da Indiyawa, kuma za ku ga hakan a manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Ku kai manyan yaran inda tsohuwar kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a wurin, su shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa su gani da idonsu. Bayan magariba ku je lambun Forodhani a bakin ruwa, inda ake gasa kifi da nama ana matse rake da citta da lemun tsami, amma ki tambayi farashi kafin a ɗora komai a faranti. Lungunan garin mota ba ta shiga yawancinsu, kuma tsofaffin gidajen da aka mayar otal matakalarsu a tsaye take, don haka ki tabbatar an ba Hajiya ɗaki a ƙasa, kusa da inda mota za ta iya tsayawa.

Daga birni zuwa gabas ku tsaya a dajin Jozani, yara su ga jan birin da ba a samunsa a wata ƙasa. Gonakin kanumfari da kirfa da masoro kuwa Hajiya ce za ta fi kowa jin daɗinsu. Sauran kwanakin ku yi su a arewa, Nungwi ko Kendwa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga birni, domin a can gabar tana da zurfi, ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci. Sai dai can ne matattarar Turawa, akwai kaɗe-kaɗe da daddare da shigar da ba za ki so yara su yi ta kallo ba, saboda haka ki nemi masauki a gefen gari, ki kuma tambaya ƙarara ko akwai mashaya a ciki.

Na ji maigidanki yana maganar ku sauka a Dar es Salaam ku hau jirgin ruwa don a rage kuɗi. Tafiyar kusan awa biyu ce, amma a watannin nan iskar kudu takan tayar da teku, kuma da ciwon jirin Hajiya ban goyi baya ba. Ku bi jirgin Habasha daga Abuja zuwa Addis Ababa, daga can ku wuce Zanzibar. Ku ɗauki direba ɗaya da motarsa maimakon haya ku tuƙa da kanku, tunda a hannun hagu suke tuƙi kuma sai an yanki izini na musamman. Ki duba fasfon kowa yau ki ga ko akwai wanda ya rage masa ƙasa da wata shida, musamman na Hajiya, sai ki kira ni bayan isha'i mu fara cike takardun biza.