Amsa ga mai tambaya kan fitilun dashbod na Hilux da ke ƙyaftawa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Hilux ɗinka mai shan gas ce, wato dizal, fitilun dashbod suna ƙyaftawa musamman da dare, kuma makanike ya ce ka sayi sabuwar altaneta, wato na'urar da ke cajin batir. To dakata tukuna, kada ka fitar da kuɗin nan sai an auna. Na daɗe ina ɗaukar kaya da a-kori-kura a hanyoyin ƙauye, kuma sau da yawa wannan cutar ba ta wuce kan batir ko wayar ƙasa, wato wadda ke haɗa nagetif ɗin batir da bodi.

Da farko ka lura da lokacin da abin ke faruwa. In sai ka shiga gargada ko ka faɗa rami fitilun ke rawa, wani abu ne ya saki. In kuma mota na tsaye a silo hasken na sama yana ƙasa, ka taka totur ya canza, to hankalinka ya koma wajen caji. Sannan ka haska bango da manyan fitilu ka gani, su ma suna yi? In dashbod kaɗai ne, matsalar tana bayan mitar dashbod ko a maɓallin rage haske.

Buɗe bonet, ka kama kan batir ka murɗa da hannu. In ya juya ko kaɗan, ka kama ɓarawonka. Wannan farin garin mai kore-kore da ke taruwa a kai shi ke hana wuta wucewa. Kashe mota, cire nagetif da farko, wanke da ruwan zafi, goge da sampefa har dalmar ta yi ƙyalli, ka ɗaure da sifana lamba 10, ka shafa ɗan giris. Kuma don Allah a daina cusa ƙusa ko guntun gwangwani don kan ya kama, sabon kai ba shi da tsada.

Daga nan bi baƙar wayar nagetif har inda aka ɗaure ta a bodi, da wadda ta tafi jikin inji. Nan ne mutane ba sa dubawa. Tawa ta taɓa wahalar da ni haka, wani gareji har batir suka sa na canza, ashe ƙarƙashin noti ne tsatsa ta ci. Daga waje wayar lafiya lau, da aka kwance sai ga jan gari yana zuba, silin wayar rabi sun tsinke a cikin roba. Aka kankare wurin, aka sa sabuwar waya, shi ke nan.

In duk wannan lafiya, je wajen mai wayarin da ke da mitar auna wuta, ka tsaya a kansa ya auna. Mota a kashe, batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.4 zuwa 12.6. In an tayar, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 ya tsaya cak, ko da an kunna fitilu da fanka. In lambar tana tsalle, ko ta sauka ƙasa da 13, ko ta haura 15, to altaneta ce. Amma ko a nan ba lallai sai sabuwa ba. Duba fambel ko ya saki, yana kuka da safe. Burushin ciki kan cinye, regileta mai daidaita ƙarfin caji kan mutu, dayod ɗaya cikin masu daidaita wutar da ke zuwa batir kan ƙone, kuma duk ana canza su ɗaya-ɗaya. A juya maɓallin mitar auna wutar zuwa inda aka rubuta AC a ɗora kan batir mota na aiki, in ta kai rabin volt, dayod ne. Ba ka faɗi injinka ba, amma in tsohon 3L ko 5L ne, akwai famfon da ke zuƙe iska don taimaka wa birki a bayan altaneta, yana aiki da baƙin mai. Idan sil ɗinsa ya lalace, mai kan shiga ya jiƙa burushi, caji ya riƙa yankewa. Leƙa ka gani ko wurin ya yi dumu-dumu da mai.

Abu ɗaya da ba na yarda a yi wa motata shi ne cire kan batir inji na aiki, wai a ga ko za ta mutu. Wutar kan yi tsalle ta ƙona dayod, a sababbin motoci har ƙwaƙwalwar mota takan tafi. Duk wanda ya kai hannu zai yi haka, riƙe hannunsa.

In kuwa dashbod kaɗai ke yi, murza maɓallin rage haske sama da ƙasa, ƙurar hunturu kan cika shi. Buga saman dashbod da tafin hannu, in hasken ya amsa, soket ɗin bayan mita ya saki ko dalmar ciki ta tsage. Ka kuma tuna ko kwanan nan an sa maka rediyo, ƙarin fitila ko ƙwayayen LED masu araha, don masu haɗawa kan yanki waya su naɗe da salatif kawai. Irin wannan haɗin har gobara yana jawowa, in ka ji ƙaurin roba kada ka ci gaba da tafiya.

Ka auna ka dawo mana da lambobin nan biyu, na mota a kashe da na tana aiki, tare da shekarar motar, sai mu san inda za a dosa.