Katin memori da ke tsayar da ɗauka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kyamarar bidiyo da katin memori mai gigabait 64. Duk lokacin da na kwashe aiki, a kwamfuta nake goge fayilolin in mayar da katin. Kwanan nan ina cikin ɗauka sai kyamarar ta tsaya da kanta. Katin ne ya mutu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar jefar da katin nan, wannan gogewa da kake yi a kwamfuta ita na fi zargi. Goge fayil ɗai-ɗai yana barin gurabe a warwatse, sai kyamara ta koma laluben inda za ta zuba sabon hoto, shi kuwa bidiyo ba ya jira. Da ƙaramar ma'ajiyar da ke cikin kyamarar ta cika, shi ke nan, ɗauka ta tsaya.

Ka riƙa yi wa katin fomat, wato share shi gaba ɗaya a sake tsara shi, a cikin kyamarar da za ta yi aiki da shi. Ita ta san tsarin da take so, ita za ta gina foldojinta, irin su DCIM. In kana da kyamara biyu, kowace ta yi nata. Katin da bai wuce gigabait 32 ba, tsarin ajiye fayil mai suna FAT32 ake ɗora masa, kuma a wannan tsari fayil ɗaya ba ya haura gigabait 4, shi ya sa doguwar ɗauka ke fitowa gunduwa-gunduwa. Naka mai 64 kuwa exFAT ne, ba shi da wannan takura. Ni kaina na taɓa ɗora wa kati wani tsari mai suna NTFS a kwamfuta, ina ganin na yi gwaninta. Ina sa shi, kyamara ta ce ba ta san zancen ba, mutane na tsaye suna jirana, ni kuma gumi na keto mini.

Amma kafin ka danna fomat, ka tabbata aikin yana wuri biyu, ka kuma buɗe bidiyon ka ja shi har ƙarshe. Ganin sunan fayil kawai ba hujja ba ne. In tsautsayi ya gitta ka yi fomat bisa kuskure, cire katin nan take. Fomat na gaggawa jerin sunayen kawai yake sharewa, don haka sau da yawa ana iya ceto aikin muddin ba a ɗauki sabon abu a kai ba.

In ka yi haka ba ta daina tsayawa ba, duba fuskar katin. Babbar lambar sauri da suke rubutawa galibi ta saurin karantawa daga katin ce. Wadda ta dame ka ita ce mai harafin V: V30 na nufin saurin rubutu a katin ba ya yin ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa, akwai kuma V60 da V90. Littafin kyamararka zai gaya maka wanda take buƙata.